Yaƙi ɗan zamba ne: amsa ga mai tambaya daga Jega kan Rasha da Yukiren

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne daga Jega, ina kuma taya yayana zaman shago. Kullum sai mun yi gardama a majalisa kan yaƙin Rasha da Yukiren. Wasu su ce Amurka da Turai sun zuba biliyoyin dala na makamai, to in haka ne mi ya hana Yukiren ta ci yaƙin? Wasu kuma su ce duk ƙaryar Turawa ce. Jiya an turo wani bidiyo a WhatsApp na tankokin yaƙi bisa jirgin ƙasa, wai sojojin NATO ne sunka shiga Yukiren satin ga, ga shi nan na turo maka. Tunda kai ka yi soja, ta yaya mutum zai gane mai gaskiya? Kuma da gaske ne makaman nan na zuwa hannun ɓarayin dajinmu?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka, ka gaishe min da yayan naka da 'yan majalisa. Tambayarka in na fahimce ta kashi uku ce ko huɗu da anka ɗaure waje guda, ina taimakon da ake ta shela ya shiga, ta yaya ake sanin inda soja ya dosa, wa ke ƙarya, sai kuma tsoron da ke ranmu duka mu mutanen Kebbi da Zamfara na kada wutar can ta ƙaro muna tamu. Ni dai ban taɓa taka Yukiren ba, kuma a zamanin da na yi aiki babu wannan jirage marasa matuƙa da ke shawagi kamar shirwa a kan kowa. Amma akasarin shekaruna a kaki ɓangaren sito da sufuri na yi su, mai da abinci da harsashi da taya, har da fita waje aikin kiyaye zaman lafiya, kuma wanda ya zauna sito yana jin labarin yaƙi da wani kunne dabam.

Alkawari a talabijin, kaya a fili

Rasha ta afka ma Yukiren ranar 24 ga Fabrairu 2022, duk da dai rigimar ta faro tun 2014 da Rasha ta karɓe Kirimiya aka kuma fara faɗa a gabashin ƙasar. Tun daga 2022 majalisar dokokin Amurka ta amince da kuɗi wajen dala biliyan 175 a dokoki guda biyar, na ƙarshensu shi ne na biliyan 61 a watan Afrilun 2024. In ka ji wanga adadi sai ka ɗauka an loda daloli a jirgi an kai ma shugaban Yukiren Zelenski ya sa aljihu. Ba haka abin yake tafiya ba. Wani kaso tallafin gwamnati ne da jinƙai, wani kaso babba kuma ko fita Amurka bai yi ba, ana ɗauko tsohon makami daga sitonsu a tura Yukiren, sai a ba kamfanoninsu kwangilar ƙera sabo a mayar da gurbinsa. Ka ga kenan mai ba da taimakon shi ma yana lasar romo, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, 'yan siyasarsu da bakinsu suke faɗa in suna neman a yarda da kuɗin.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce 'yan majalisarku ba su lissafawa. A watan Janairun 2023 Amurka ta ce za ta ba da tankokin Abrams guda 31, na farko bai iso ba sai Satumba. Jiragen F-16 an yarda a bayar a 2023, ba su shiga Yukiren ba sai wajen Agustan 2024, don matuƙi sai ya koyi jirgin, makanike sai ya koyi gyaransa, filin sauka sai an gyara. Tarayyar Turai a Maris 2023 ta yi alkawarin harsashin igwa miliyan ɗaya cikin shekara guda, shekara ta cika kusan rabi kaɗai ya iso. Shi kuwa kuɗin nan biliyan 61 sai da ya yi wajen wata shida ana ja-in-ja a kansa a majalisar Amurka, kuma cikin wannan tsakanin ne garin Abdiyibka ya faɗa hannun Rasha a Fabrairun 2024, sojojin Yukiren na kukan ba su da harsashin maida martani. To shi abokin gaba zaune yake yana jiranka ka gama taro? Duk watannin da anka kwashe ana gardamar a ba da tanka ko kada a bayar, Rasha tana kudu tana tona ramuka tana binne nakiya, shi ya sa farmakin da Yukiren ta fara a Yunin 2023 da sabbin tankokin Leopard ya cije, bai kai bakin tekun da sunka yi niyya ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. A wani aiki da munka je waje, an taɓa kawo muna motoci masu sulke na taimako, an yi biki an ɗauki hoto, manya sun yi jawabi. Wata uku ba a yi ba da yawansu na jingine a gareji, don wani ƙaramin fanfon mai ya lalace kuma babu irinsa a faɗin ƙasar, sai an rubuta takarda ta bi ofis-ofis. A takarda muna da mota kaza, a fili waɗanda ke tashi ba su kai haka ba, har muna kwance wata mu gyara wata. Yanzu ka ɗauki wannan ka ninka shi sau dubu. Yukiren ta gaji makaman Tarayyar Sobiyet, igwarta na cin harsashi mai faɗin milimita 152, ta NATO kuma 155 take ci, milimita uku kacal amma wannan ba ya shiga waccan. Ga tankar Jamus, ga ta Ingila, ga ta Amurka mai zuƙar mai kamar ba gobe, kowace da kayan gyaranta da littafinta. Hatta layin dogo, na Yukiren ya fi akasarin na Polan faɗi, don haka kayan da sunka taru a Polan sau da yawa sai an sauke an sake lodi a kan iyaka. Mai sito ne kaɗai ya san ciwon kan da ke cikin wanga lamari.

Kada kuma ka ji haka ka ce taimakon bai yi komai ba. Ba don makaman kakkaɓo jirage irin Patriot da na harbin tanka irin Javelin da bayanan leƙen asiri ba, da labarin ya sha bamban. HIMARS, motocin harba roka na Amurka da sunka iso a Yunin 2022, masu cin wajen kilomita 80, su anka riƙa dukan rumbunan harsashin Rasha da gadar da ke kan kogin Dinifro da su, har Rasha ta ga ba ta iya ciyar da sojojinta a tsallaken kogi ta janye daga birnin Kerson a Nuwamban 2022. Amma kowane sabon makami yana da wa'adi, bayan 'yan watanni Rasha ta matsar da rumbunanta baya, ta kuma koyi rikita siginar da ke jagorantar makamin. Kuma ita ma Rasha ai tana karɓar taimako, mutane na mantawa da wannan. Jirage marasa matuƙa na Shahed daga Iran sunka fito, harsasai kuma da sojoji daga Koriya ta Arewa. Ga ta da yawan jama'a da ya ninka na Yukiren sau uku da wani abu, ga mai tana sayarwa. A nawa ganin taimakon ya isa ya hana Yukiren faɗuwa, amma yadda anka riƙa ɗiga shi kamar ruwan famfon rani ba zai kori Rasha ba.

Soja ba ya tafiya ba sawu

Kafin mamayar Rasha ta tara sojoji sama da dubu ɗari a kan iyaka har da cikin Belarus, tana cewa atisaye ne kawai. Ranar 15 ga Fabrairu ma'aikatar tsaronta ta sanar wasu rundunoni sun gama sun kama hanyar bariki, har da bidiyon tankoki ana loda su bisa jirgin ƙasa. Kwana tara bayan nan sai ga su cikin Yukiren. Amurka kuwa ta yi ta ihun za a kai hari mutane da yawa ba su yarda ba, har shi Zelenski yana cewa a daina tada hankalin jama'a, kuma ba ka ga laifin masu shakka ba don an tuna 2003 lokacin da Amurkar ta je Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi aka je ba a ishe komai ba. Wanda ya taɓa yi maka ƙarya ranar da ya faɗi gaskiya ma sai ka juya kai. Amma ni abin da ya sa gabana ya faɗi a lokacin shi ne rahoton da ya fito ƙarshen Janairu cewa Rasha ta kai jakunkunan jini kusa da iyaka. Tanka ana iya jera ta don tsoratarwa a maida ta gida, jini kuwa lalacewa yake yi, ba a kwaso shi don fareti.

Haka muke karanta tafiyar soja, ka bar kallon tanka ka dubi abin da ke bin ta a baya, tankokin mai, asibitin tafi-da-gidanka, motocin gada, masu dafa abinci. Ka tuna ayarin motocin nan na Rasha mai tsawon kilomita 64 da tauraron ɗan Adam ya ɗauko arewa da Kiyeb, babban birnin Yukiren, farkon yaƙin? Duniya ta tsorata, amma duk wanda ya taɓa jan kwamba ya san mota mai yawa haka bisa hanya guda, gefe laka ce, gaba ana harbi, to na baya ba ya iya kai ma na gaba mai. Haka kuwa anka yi, ayarin ya tsaya cik, zuwa farkon Afrilu Rasha ta tattara ta bar yankin Kiyeb baki ɗaya, ta ce wai dama alamar kyakkyawar niyya ce.

Mu nan ma ai mun san wannan karatun. A Satumban 2021 da anka yanke netwok a Zamfara, anka rufe kasuwannin mako anka hana sayar da mai a jarka, dabarar kenan, a toshe ma ɓarawo mai da abinci da infoma. Ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, da irin wahalar da talaka ya sha, wannan zance ne na wata rana. Kuma mutumin ƙauye yakan san za a kawo hari tun kafin a zo, in ya ga baƙin fuska na sayen burodi da fetur fiye da ƙima ranar kasuwa.

Wani lokacin kuma shelar ce tarkon. A bazarar 2022 Yukiren ta yi ta bugun ƙirji za ta kai farmaki kudu wajen Kerson, Rasha ta kwashi sojoji masu yawa ta kai can, sai ga shi a Satumba an ɓullo ta arewa maso gabas yankin Karkib, cikin 'yan kwanaki anka ƙwace Iziyum da Kufiyansk. A 6 ga Agusta 2024 kuma ba shela ba komai sunka tsallaka cikin Rasha kanta yankin Kursk, duk da daga baya Rasha ta maido garin Sudja a Maris 2025. Don haka in ka ji janar ya fito yana faɗin inda za shi, ka tambayi kanka wa yake son ya ji.

Waya ma sawu ce. Daren shiga sabuwar shekarar 2023 an daki wani gini a garin Makiyibka na gabashin Yukiren inda sabbin sojojin Rasha ke kwana, Rasha da kanta ta amsa mutum 89 sun mutu ta kuma ɗora laifin kan sojojin da sunka kunna wayoyinsu, Yukiren ta ce wajen 400 ne. Wannan ya sa nake jin haushin samarinmu masu ɗaukar ayarin soja a hanyar Gusau ko ta Zuru su ɗora a TikTok, kai kana neman masu kallo, wani a daji yana ƙirga motoci.

To wa ke ƙarya?

Duka biyun suna yi ɗana, in wani ya ce maka ɓangarensa ba ya yi to shi ma ya yi maka ɗaya. Farkon yaƙin an yi ta yaɗa labarin wani matuƙin jirgin Yukiren wai fatalwar Kiyeb, shi kaɗai ya kakkaɓo jiragen Rasha rututu, wani bidiyon da anka riƙa turawa ma daga gem ɗin kwamfuta anka ciro shi, daga baya rundunar saman Yukiren ta fito ta ce babu wani mutum guda haka, tatsuniya ce. Masu gadin Yukiren 13 na tsibirin nan da ake kira na macizai an ce duk sun mutu an yi musu yabon jarumta, ashe suna raye an kama su. A Nuwamban 2022 makami ya faɗa wani ƙauyen Polan ya kashe mutum biyu, Zelenski ya dage na Rasha ne, Polan da NATO sunka ce alamu sun nuna na kariyar saman Yukiren ne ya kauce.

Ita kuwa Rasha ta fara ne da hana a kira abin yaƙi, sunansa aikin soja na musamman, a Maris 2022 ta yi dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya kan soja, ta kuma toshe Facebook da Instagram. Turai ita ma ta rufe tashoshin RT da Sputnik na Rasha. Jirgin ruwan yaƙinta Moskba da ya nutse a Afrilun 2022 Rasha ta ce gobara ce da igiyar ruwa, Yukiren ta ce makamai masu linzami ne nata. Gawarwakin fararen hula sama da 400 da anka ishe a garin Buca kusa da Kiyeb bayan janyewarta Rasha ta ce shiri ne anka yi, sai hotunan tauraron ɗan Adam sunka nuna gawarwaki yashe a titi tun tsakiyar Maris lokacin garin na hannunta. Iran ta yi ta musun ba da jirage, a Nuwamban 2022 ta ce to ta bayar amma kaɗan ne kuma kafin yaƙi. Sojojin Koriya ta Arewa an yi wata da watanni ana kewaye-kewaye, sai Afrilun 2025 Rasha da Koriyar sunka fito sunka amsa.

Ka lura da abin da ke faruwa a duk waɗannan, lokaci ne ke tona su, wani cikin sati wani cikin wata shida. Shi ya sa ban yarda da 'yan majalisarku masu cewa duk ƙarya ce a watsar ba, wannan kasala ce, kuma shi mai farfaganda abin da yake so kenan, ba lallai ka yarda da shi ba, ka dai gaji ka ce kowa maƙaryaci ne. Ƙaryar ma ba nauyinta ɗaya ba. Ƙara gishiri a labarin jarumta dabam, musun cewa sojojinka na cikin ƙasar wani ko musun gawar da ke kwance a titi dabam. Kuma akwai abin da ba gardama a kansa, sojan wa ke cikin ƙasar wa.

Wurin da na fi ba ka shawarar ka riƙe kunnenka shi ne adadin matattu. Kowane ɓangare yana faɗin na abokin gaba kullum safiya, nasa kuwa sai ya ga dama. Ministan tsaron Rasha na lokacin, Shoigu, a Satumban 2022 ya ce sojojinsu 5,937 sunka mutu, daga nan shiru. Zelenski a Fabrairun 2024 ya ce nasu 31,000. Waɗanda na fi natsuwa da aikinsu su ne irin Mediazona, wata kafar labaran Rasha mai zaman kanta, da sashen Rashanci na BBC, masu bin sanarwar rasuwa da maƙabartu suna tattara suna ɗaya bayan ɗaya, kuma su da kansu suna cewa abin da sunka ƙirga ƙasa yake da gaskiyar adadin. Ba ma kullum ne da gangan ake kumbura lamba ba. Na sha ganin rahoto ya taso daga fili, yaro ya harba ya ga ƙura ya ce ya samu, wani ma ya harbi abu guda ya ce ya samu, kafin takarda ta kai sama abu ɗaya ya zama uku, kuma ba mai son ya kai ma oga labari mara daɗi. Balle Yukiren har HIMARS na katako ta riƙa sassaƙawa, Rasha ta kashe makami mai tsada a kai ta rubuta ta lalata.

Ni yadda nake yi, in ɓangare ya amsa asarar kansa ina ɗauka aƙalla hakan ta faru, in ya faɗi ta abokin gaba sai in aje gefe in jira. In labari ya yi min daɗi ƙwarai ya dace da abin da raina ke so, shi na fi tuhuma. Wannan ba ya hana a ruɗe ni, an sha yi, musamman yanzu da kwamfuta ke haɗa fuska da murya, tun Maris 2022 an saki bidiyon bogi na Zelenski yana cewa sojojinsa su aje makamai, waccan ba ta yi kyau ba kowa ya gane, na yanzu kuwa sai Allah.

Makaman na zuwa dajinmu?

Tsoronka ba na banza ba ne. Marigayi Buhari da kansa a taron ƙasashen Tafkin Chadi a Nuwamban 2022 ya ce makaman yaƙin Yukiren sun fara silalowa yankin. A Janairun 2024 kuma mai binciken ma'aikatar tsaron Amurka ya ce kayan wajen dala biliyan ɗaya ba a bi lissafinsu yadda doka ta ce ba, sai dai rahoton bai ce an sace su ko an sayar ba, rashin cika takarda dabam ɓacewar kaya dabam, duk da mai sito ya san ta nan ɓarna ke farawa. A nawa lissafin, ɓarawon daji AK-47 yake so da harsashinta da babur, abin da zai iya gyarawa a gindin itace, kuma waɗannan sun cika Sahel tun faɗuwar Gaddafi a 2011, ga wanda ake ƙwacewa a harin sansanoni, ga na miyagun cikin gida masu sayarwa. Ƙasar da ke cikin yaƙi kuma neman harsashi take ido rufe. Ranar da na fi jin tsoro ita ce ranar da za a tsagaita wuta, makamai su yi yawa ba aikin yi, dillalai su fara neman kasuwa. Kuma yaƙin ya riga ya leƙo maƙwabtanmu ta wata ƙofa, bayan kwanton ɓaunar Tinzawaten ta arewacin Mali a Yulin 2024 inda anka kashe 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, da sojojin Mali, wani kakakin leƙen asirin Yukiren ya yi maganar da ta sa Mali ta yanke hulɗa da Yukiren, Nijar ta bi bayanta. Mu da Nijar kuwa daga Kamba ko Kangiwa taku nawa ne.

Bidiyonka na kalla har sau uku. Tankoki ne bisa jirgin ƙasa ba musu, amma babu allon tasha ko lambar mota ko muryar wani da zai nuna ƙasar, rubutun da ke cewa NATO ce wani ne ya manna shi a sama. Ƙasashen NATO kullum suna jigilar tankoki tsakaninsu zuwa Polan da sauran na gabas don atisaye, irin wanga hoto ba ya ƙarewa. Sannan ka ce satin ga anka ɗauka, lokacin da ka turo min shi kuwa can hunturu ne itatuwa sun zubar da ganye, amma ka sake dubawa wajen daƙiƙa ta goma, itatuwan bayan jirgin kore ne shar, mutumin da ke tsaye gefen dogo kuma 'yar shat ce a jikinsa.